Yadda Ake Tantance Tsofaffin Kwandaloli da Yanke Musu Farashi

Da wuya mako ya wuce ba a aiko mini da hoton wata tsohuwar kwandala ba, daga Garwa, ko Marwa, ko Kusiri, ko tsallaken kogi a Njamena, kuma tambayar kullum ɗaya ce: nawa za ta yi? Galibi a ƙasan adakar kaka aka tsinto ta bayan rasuwa, ko cikin lalitar tsoho, ko a jikin wata tsohuwar sarƙa. Ba a amsa wannan tambaya daga hoto guda, domin farashi shi ne ƙarshen aiki, kuma wanda ya fara da shi, ko dai ya sallama abu mai daraja a banza, ko ya rungume abin da ba shi da kasuwa yana jiran miliyoyin da ba za su zo ba. Yawan shekarun kwandala ba shi ne darajarta ba. Abubuwa uku ne suke yanke mata farashi: ƙarancinta, lafiyar jikinta, da ƙarfen da aka yi ta da shi. Ga yadda ake bin su daki-daki.

Kayan aiki

Ana buƙatar ƙaramin sikeli na batir mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, irin na masu sayar da zinariya, wanda zai iya bambanta giram 28.07 da giram 27.50, sikelin kicin ba zai yi wannan aiki ba. Sai gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, mai ninka abu sau biyar zuwa goma, da ma'aunin faɗi mai baki biyu irin na makanikai, na roba ya fi saboda na ƙarfe yakan karce gefen kwandala. Sauran kuwa akwai su a kowane gida: maganaɗisu, zare, kofin ruwa, tsumma mai laushi, fitila guda ɗaya, da littafin rubutu. Nawa kayan duka a babbar kasuwar Garwa na haɗa su, kuma ban kashe musu sefa dubu ashirin ba, sikelin ne ya ci kaso mafi tsoka.

Mataki na 1: Kada a wanke, kada a goge

Na sa wannan a gaba ne domin a nan aka fi tafka asara, tun kafin kwandala ta isa hannun wanda ya san ta. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta taɓa aiko jikanta da ƙaramin kwano a rufe da faifai. Da na buɗe sai ga liyari huɗu, wato manyan kuɗin azurfa na Ostiriya, da gudan faran ɗaya na Kamaru na 1943, duk suna walƙiya kamar sababbin cokula. Na taka har gidan na ce, "Inna, wa ya taɓa su?" Ta ce, "Ni ce, ɗana. Ai ba a kai wa mutum kaya da dauɗa. Toka da lemun tsami na sa, na dirje su da soson ƙarfe." Liyarin ba su yi asara mai yawa ba, tunda dama azurfarsu ce kuɗinsu. Ta 1943 ɗin kuwa, wadda ita ce mai tarawa zai nema, ta koma jajir mai ɗauke da dubban ƙananan zane, kuma babu dabarar da za ta maido mata da fatarta.

Duhun da azurfa take yi, da launin ƙasa-ƙasa da tagulla take ɗauka, ba dauɗa ba ne a idon mai saye. Shaida ce cewa ba a taɓa ta ba. Saboda haka toka, tsamiya, lemun tsami, man goge baki, omo da man goge ƙarfe duk a nisanta su. Idan ƙasa ce ta manne, a jiƙa kwandalar cikin ruwa mai tsabta, a ɗauraye, a ɗora ta kan tsumma a danna a hankali har ta bushe, ba tare da murzawa ba. A riƙa kama ta ta gefe da yatsa biyu, a kuma yi aikin bisa shimfiɗaɗɗen tsumma, don faɗuwa ɗaya kan siminti ta isa ta lotsa mata baki.

Mataki na 2: A gane wace ce

A ba kowace kwandala lamba a littafi, a rubuta ƙasar da ta buga ta, da shekara, da adadin kuɗin da ke jikinta, da duk wani ƙaramin harafi ko alama da gilashi ya nuna. A yankinmu abin da ake samu bai wuce gida biyar ko shida ba.

Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce liyari, babbar azurfar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza a fuska da gaggafa mai kai biyu a baya, wadda Barebari suke kira gursu. Kowace liyari tana ɗauke da shekarar 1780, kuma nan ne ake yaudarar kai. Wannan ita ce shekarar da sarauniyar ta rasu, sai aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara ba a canja ba, a Biyana, babban birnin Ostiriya, da wasu biranen kamar Roma, Landan, Paris da Bombay, har adadinsu ya kai ɗaruruwan miliyoyi, kuma har yau Ostiriya tana buga su. Don haka liyarin da ke hannunka ta fi kusa da zama bugun ƙarni na 19 ko na 20.

Sai azurfar Faransa, musamman babban gudan faran biyar na ƙarni na 19 mai kan Luwi-Filif ko Napoliyon na Uku. Sai kuɗin Jamus, maki da feni, waɗanda suka shigo a zamanin mulkinsu daga 1884 zuwa 1916; kuɗin ƙasar Jamus ne na yau da kullum da aka buga da yawa, kuma jita-jitar da ake yi cewa Jamusawa suna biyan miliyoyi a kansu ba ta da tushe. Sai kuɗin Ingila na Afirka ta Yamma da suka ƙetaro ta Yola da Mubi: kwabo da anini masu huji a tsakiya, da sule. Sulen 1913 zuwa 1919 azurfa ne, na shekarun da suka biyo bayan 1920 kuwa rawayan ƙarfe ne.

Gidan da ya fi cancantar a natsu a kansa shi ne na kuɗin da aka buga da sunan ƙasashenmu. Akwai na Kamaru na 1924 zuwa 1926, masu launin rawaya. Akwai na 1943 na tagulla, masu zakara a fuska da gicciye mai hannu biyu a baya, waɗanda aka buga a Firitoriya ta Afirka ta Kudu lokacin da Faransa take hannun Jamus. Iri biyu ne, ɗaya an rubuta masa CAMEROUN FRANÇAIS, ɗayan an ƙara kalmar LIBRE, kuma dole a rubuta wanne ne a littafi. Akwai marasa nauyi na alminiyam na 1948, da sefa 50 ta tunawa da 'yancin kan Kamaru mai ɗauke da ranar 1 ga Janairun 1960, da sefa 100 masu sunan Kamaru daga 1966, da masu sunan Cadi daga 1971. A kan sefa 50 da aka fara bugawa a 1976 akwai harafin da ke nuna ƙasa: A na Cadi, B na Afirka ta Tsakiya, C na Kwango, D na Gabon, E na Kamaru. Masu tarawa suna bin kowane harafi da kowace shekara dabam-dabam, kuma ba yawa ɗaya aka buga su ba. Idan gilashi ya nuna kalmar ESSAI da ƙananan haruffa, to a ware wannan gefe guda: bugun gwaji ne wanda ba a sake shi kasuwa ba, kuma kaɗan ake yi.

Gargaɗi: kada a cika shekarar da ta shafe da zato. Idan lambar ƙarshe ba ta karantuwa, a rubuta haka.

Mataki na 3: A tabbatar ba jabu ba ce

Ido yana ruɗuwa, sikeli ba ya ruɗuwa, saboda haka da awo ake farawa. Liyari ta gaskiya nauyinta giram 28.07 ne, faɗinta kusan milimita 40, kaurinta kusan biyu da rabi. Faran biyar na azurfa giram 25 ne, faɗinsa milimita 37. Makin Jamus na azurfa giram 5.55, sulen Ingila giram 5.66. Kwandalar da ta sha hannu takan rage kaɗan, amma liyarin da zanenta yake raɗau kuma ta gaza da giram ɗaya ko biyu, ko wadda nauyinta ya cika amma ta fi ƙa'ida kauri, akwai magana a kanta.

Daga nan sai maganaɗisu. Azurfa da zinariya da tagulla ba sa kamuwa da shi, don haka liyarin da ta manne jabu ce, magana ta ƙare. Sai dai a yi hattara ta fuska biyu. Rashin mannewa ba ya tabbatar da azurfa, tunda dalma da tagulla ma ba sa mannewa. Haka kuma sefa 100 na shekarun 1970 da nikel zalla aka yi su, kuma nikel yana kama maganaɗisu, don haka mannewarsu alamar gaskiya ce.

Gwajin da na fi dogara da shi shi ne na ruwa. A ɗora kofin ruwa kan sikeli a mayar da shi sifili, a ɗaure kwandala da zare a zura ta har ruwa ya rufe ta, ba tare da ta taɓa gindin kofin ko gefensa ba, a karanta lambar da ta fito. Ga liyari za a ga kusan 2.75. Sai a raba nauyinta na asali da wannan lamba: azurfar liyari takan ba da wajen 10.2, ta faran biyar wajen 10.3, idan kuwa amsa ta faɗo ƙasa da 9, to tagulla ce ko farin ƙarfe aka shafa wa ruwan azurfa. A bar wannan gwaji ga manyan azurfofi, kuma a busar da su nan take.

Sannan a koma ga gilashi. Kuɗin gaskiya buga su ake yi da matsi, jabu kuwa galibi zubi ne, kuma zubi yana barin ƙananan ramuka kamar fatar lemo, da haruffa masu dagulallen baki, wani lokaci da siririn layi a gefe inda bakin mazubi ya haɗu. Gefen liyari yana da rubutu mai tudu, IUSTITIA ET CLEMENTIA, wanda masu jabu suka fi kasa kwaikwayo. A kuma juya kwandala daga dama zuwa hagu: bayan liyari a tsaye yake fitowa, na faran biyar na Faransa kuwa kai ƙasa. Amon azurfa ma shaida ne, a ɗora ta kan ɗan yatsa a ƙwanƙwasa gefenta da fensir, za a ji ƙara siririya mai daɗewa, dalma kuwa tif take yi.

Gargaɗi: maƙerin farfaru zai so ya goga ta a dutse, ko ya ɗan karce gefe ya ɗiga ruwan gwaji. A wajensa wannan daidai ne, domin shi narkewa zai yi. Kada a yarda sai an gama mataki na 7 an tabbatar ba ta da wata daraja fiye da ƙarfenta.

Mataki na 4: A sa mata matsayi

Nan ne gwaninta take, kuma nan ne bambancin farashi yake ninkuwa tsakanin kwandala biyu masu shekara ɗaya. A kashe sauran fitilu a bar guda, a fara duba kwandala da ido kawai ana karkata ta a hankali, daga baya a ɗauko gilashi. Abin nema shi ne wuraren da suka fi tudu, domin su hannu yake fara ci. A kan liyari, su ne gashin da ke saman kunnen sarauniya, da ƙwayoyin lu'ulu'un da ke kewaye da maɓallin kafaɗarta, da gashin ƙirjin gaggafa da kambunta. Tsofaffin fatake ma waɗannan ƙwayoyi suke dubawa kafin su karɓa. A kan sefa mai kawunan dabbobi uku, dangin gwankin nan da ake samu a dajin Buba Njidda, a duba murɗin ƙaho, da gashin wuya, da kewayen ido. A kan ta 1943, gashin fiffike da na wutsiyar zakara.

Tunda kasuwar kuɗinmu ta fi karkata ga Faransa, matakansu ya kamata a sani. B ita ce wadda ta cinye sosai, hoto ya zama inuwa amma ana karanta shekara. TB, manyan sassan zane suna nan, ƙanana sun shafe. TTB, kusan komai yana bayyane, tudun ne kawai suka ɗan baje. SUP, sai da gilashi ake ganin gogewa, kuma yawancin ƙyallin asali yana nan. SPL, ba ta shiga kasuwa ba sam, illa 'yan tabon da ta samu wajen gogayya da 'yan uwanta a jaka. FDC kuwa kamar yanzu ta fito daga ma'aikata. Amurkawa suna amfani da ma'aunin Sheldon na 1949, daga 1 zuwa 70, inda TTB take faɗowa tsakanin 40 da 54, FDC kuma take farawa daga 65.

Ƙyallin asali ba ɗaya yake da na gogewa ba, kuma wanda ya gane wannan ya yi rabin karatu. Na asali, idan aka karkata kwandala, haske yana zagaya ta kamar hannun agogo. Na gogewa kuwa ko'ina ɗaya ne kamar madubi, da siraran layuka masu bin hanya guda. A sa wa fuska matsayinta, a sa wa baya nasa, a ɗauki mafi ƙasa. Ni dai duk lokacin da kwandala tawa ce, sai na sauke ta mataki ɗaya daga abin da idona ya gaya mini, domin mai kaya ba ya ganin munin kayansa, kuma da wuya mai saye ya ƙaryata wannan ragi. Gaskiyar magana ita ce, mafi yawan abin da ke fitowa daga adakokinmu tsakanin B da TTB yake.

Mataki na 5: A rubuta lahani dabam

Matsayi yana auna cin hannu ne kawai, lahani kuwa lissafinsa dabam. Huji, ko kunnen da aka liƙa don rataya, ko alamar inda aka cire shi, duk suna mayar da kwandala farashin ƙarfe, sai fa idan mai tsananin ƙaranci ce. Hujin kwabo da anini ba ya cikin wannan, da shi aka buga su. A rubuta lotsewar baki, da tanƙwara, da karce, da alamar wanki. Tagullar da take fitar da koren gari mai laushi ciwo ne da ita, yana ci gaba da cin ta, sai a raba ta da sauran a ajiye a busasshen wuri.

Mataki na 6: A fitar da farashin ƙarfe

Wannan shi ne ƙasan farashi, wanda bai kamata a sallama a nesa da shi ba. Azurfar liyari kashi 833 cikin dubu ce, wato giram 23.39 na zalla. Faran biyar kashi 900 ne, giram 22.5. Farashin azurfa na duniya da oza ake faɗinsa, oza ɗaya giram 31.1, kuma yana motsi kullum, saboda haka a duba na ranar a intanet da kuɗin yuro, a ninka da 655.957 a samu sefa, a raba da 31.1. A ce, don sauƙin lissafi kawai, giram ya kama sefa 1,000: liyari ta zama 23,390, faran biyar 22,500. Maƙeri zai taya ƙasa da haka tunda shi ma riba yake nema, amma wanda ya shiga rumfa da wannan lissafi a hannu ya san inda zai ce albarka.

Masu rabon gado su lura da wannan mataki musamman. Liyari 26 sun haura giram 595 na azurfa zalla, wanda shi ne nisabin zakka a lissafin da aka saba, don haka tulin da ake gani kamar tarkacen tsohuwa dukiya ce da ya kamata a auna kafin a raba.

Mataki na 7: A nemi farashin masu tarawa

A shiga Numista, shafin intanet mai kundin kwandalolin duniya, a nemi kwandalar da ƙasarta da shekararta. Za a ga nauyinta, faɗinta, yawan da aka buga idan an sani, da lambar da ake kiranta da ita mai farawa da KM. Da wannan lamba ake neman cinikin da aka riga aka yi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar farashin da wani ya rubuta a eBay ko Facebook a matsayin daraja, alhali kowa yana iya yi wa akuyarsa kuɗin raƙumi. Abin dubawa shi ne wanda aka sayar aka biya, kuma a matsayi ɗaya da naka: farashin SUP ba ya gaya maka komai game da TB ɗinka. A samo ciniki uku zuwa biyar, a ɗauki na tsakiya, sannan a cire kuɗin aikawa da la'adar dillali ko ta shafin. Abin da ya rage a gwada shi da na mataki na 6, wanda ya fi yawa shi ne darajar kwandalar.

Kamfanonin tantancewa irin PCGS da NGC suna duba kwandala su sa mata lamba su rufe ta cikin roba, kuma masu saye na waje sun yarda da hukuncinsu. Amma ladan kowace guda da wuya ya gaza yuro 20, sama da sefa 13,000, ban da aikawa da inshora da dawowa. Bai dace da liyari ta gama-gari ko sefar da ta sha hannu ba. A bar shi ga ESSAI, ko zinariya, ko wadda ta kai SPL.

Mataki na 8: Ciniki da ajiya

A ji tayin mutum uku kafin a sallama, kuma kada a sayar da gwangwani ɗungurungum, domin mai sayen tuli guda ɗaya ya hango a ciki, sauran gyara ne a wajensa. Duk wanda ya yi maka tayin miliyoyi ta waya, sannan ya ce ka fara tura kuɗin takarda, ko na gwaji, ko na wani sinadari da wai yake cikin kwandalar, ɗan damfara ne. Kwandalar da har yanzu ake kashewa ba hajar fitarwa waje ba ce, tsofaffin ma a tambayi jami'an duwan kafin a aika.

Wanda ya zaɓi ya riƙe kayansa, ya sa kowace kwandala cikin ƙaramar ambulan ta takarda, ya rubuta lambarta da matsayinta a bayan ambulan ɗin, ya jera su cikin gwangwani mai murfi nesa da danshin damina da ƙurar hunturu. Leda mai laushi tana bar wa ƙarfe koren maiƙo bayan 'yan shekaru, robar ɗaure kuɗi kuma tana baƙanta azurfa a daidai inda ta taɓa, saboda haka kada ɗayansu ya shiga gwangwanin.